Noma Namu, Girbi Nasu

A ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka, watan da ya fi kowanne nauyi ga ƙaramar ƙungiya shi ne Afrilu. An gama gasa, an kashe fitilun fili, sai a zauna lissafin wa zai tsaya, wa zai tafi. Mu 'yan ci-rani da ke zaune a New York da kewayenta, daga Nijar da Najeriya da Gana, ba da wannan wasa muka taso ba. Tamaula muka sani. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan su suka jawo mu cikinsa, sannan wata ƙaramar jami'a da ke tsallaken kogin Hudson ta ƙarasa kama mu a shekarar 2022. Daga gare ta muka koyi abin da Afrilu ke nufi.

Sunanta Saint Peter's, a birnin Jersey City take. Jami'a ce ta 'yan Katolika, ɗalibanta duka ba su wuce dubu uku da wani abu ba, zauren wasanta kuma mutum 3,200 yake ɗauka. Laƙabin ƙungiyarta Ɗawisu. A babbar gasar ƙasa da ake yi duk watan Maris, wadda Amurkawa ke kira Haukan Maris, ƙungiyoyi 68 ne suka shiga, aka raba su shiyya huɗu, kowace shiyya aka jera ta daga ta 1 zuwa ta 16 gwargwadon ƙarfi. Ɗawisu ta 15 aka ba ta. Aka haɗa ta da Kentucky, mai kofin ƙasa takwas, wadda kocinta na lokacin, John Calipari, ke karɓar sama da dala miliyan takwas a shekara, alhali albashin kocin Saint Peter's, Shaheen Holloway, bai kai dala dubu ɗari uku ba.

Ranar 17 ga Maris Ɗawisu ta doke Kentucky da maki 85 da 79 bayan ƙarin lokaci. Ta doke Murray State 70 da 60. Ta doke Purdue 67 da 64, duk da ɗan wasansu Zach Edey mai tsawon ƙafa bakwai da inci huɗu. Sai a zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe North Carolina ta tsayar da ita, 69 da 49. Kafin nan babu wata ƙungiya mai lamba 15 da ta taɓa kaiwa wannan matsayi.

Muna da dalilinmu na jin cewa ƙungiyar tamu ce. A cikinta akwai tagwaye daga Bamako, Hassan da Fousseyni Drame, wato Hassan da Husaini kamar yadda mutanen Mali ke furta sunan. Akwai KC Ndefo, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, gwanin tare ƙwallo da hana abokan hamayya sakat. Direbobin tasi a cikinmu a rediyo suka bi wasannin, masu gadin dare a waya. Matanmu, waɗanda ba su san ko maki nawa ake ba mai jifa daga nesa ba, sun riƙa tambaya ko 'yan biyun nan sun ci.

Laifin daɗi ƙarewa. Kwana uku bayan wasan North Carolina, Holloway ya karɓi aikin horar da Seton Hall, jami'ar da ya yi wa wasa yana saurayi. A shekarar azumi ya kama a farkon Afrilu, kuma kafin ya kai goma, Daryl Banks, wanda ya zuba wa Kentucky maki 27, da Doug Edert mai gashin baki, da Matthew Lee, duk sun sanar cewa za su sauya sheƙa. Banks ya tafi St. Bonaventure, Edert ya tafi Bryant, Lee ya tafi Missouri State. Ndefo ya bi kocinsa zuwa Seton Hall. Tagwayen suka koma La Salle a Philadelphia. Clarence Rupert ya nufi Southern Illinois. Duk biyar ɗin da ke fara wasa babu wanda ya rage. Ƙungiyar da ta kafa tarihi a Maris, kafin bazara ta zama hoto a bango.

Domin a fahimci yadda haka ta faru, sai an san cewa kiɗa ne ya sauya. A da, ɗan wasan da ya bar wata jami'a zuwa wata, dole ya zauna shekara guda ba ya wasa. Wannan doka ta riƙe yara da yawa a inda suke, ko suna so ko ba sa so. A watan Oktoban 2018 hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta buɗe wani kundi a intanet inda ɗan wasa zai sa sunansa, duk kocin ƙasar ya ga cewa yana neman sabon gida. A Afrilun 2021 aka ɗage zaman shekara guda ga wanda ya sauya sheƙa karon farko. Ranar 1 ga Yulin 2021 aka halatta wa 'yan wasa karɓar kuɗi ta hanyar talla da sunansu da hotonsu. A 2024, bayan shari'a a kotu, aka bar su su sauya sau nawa suka ga dama. A Yunin 2025 kuma wata alƙaliya ta amince da sulhun da ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasansu kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20 da rabi a shekarar farko ga kowace jami'a. Manyan jami'o'i na iya kaiwa wannan adadi. Ƙananan kuwa ko kusa ba za su je ba.

To, ka ga halin kocin ƙaramar jami'a. Aikinsa na asali shi ne ganin abin da wasu ba su gani ba. Yana yawo zaurukan makarantun sakandare da gasannin bazara, ya zauna a kan benci mai tauri yana kallon yaron da manya suka raina saboda gajarta, ko rama, ko rauni a gwiwa. Ya je gidansu ya zauna da iyaye, ya yi alƙawarin karatu kyauta da digiri. A zamanin da muke magana a kai, guraben tallafin karatu 13 kacal aka yarda kowace ƙungiya ta bayar, don haka kuskure ɗaya a zaɓe yana iya cin shekaru. In ya dace, yaron ya yi ƙarfi, ya goge, ya fara zuba maki, ranar ce kuma manyan jami'o'i za su lura da shi. Duk wasan da yaron ya haskaka, talla ce aka yi wa masu saye. Yanzu koci sau biyu yake zawarcin ɗan wasa ɗaya: ranar da ya kawo shi, da kuma kowane Afrilu don ya roƙe shi ya zauna. Ndefo kansa ya taɓa sa sunansa a kundin a 2021, sannan ya janye ya dawo. Da bai dawo ba, wa ya san ko za a yi labarin 2022?

A majalisarmu, inda muke haɗuwa shan shayi bayan sallar isha'i, an yi ta muhawara a kan wannan. Wasu dattawanmu suka ce butulci ne: makaranta ta ɗauke ka lokacin da babu mai so, ka samu suna ka juya mata baya. Maganar tana da nauyi, domin mun taso a inda ake girmama wanda ya riƙe amana. Amma da aka zurfafa, sai kowa ya ga fuskarsa a madubi. Wanene a cikinmu bai bar garin da ya raine shi ba? Malaman da suka koya mana karatu a Maraɗi ko Kumasi ko Zariya ba su ci moriyarmu yadda ya kamata ba. Wata ƙasa ce ke cin gumin namu. A nan ma, duk wanda ya samu aikin da ya fi nasa albashi, sallama yake yi, mu kuma mu taya shi murna. Da wane baki za mu ce wa yaro ɗan shekara 21, wanda ƙarfin ƙafarsa ba zai wuce 'yan shekaru ba, ya zauna don mu ji daɗin kallo?

Kuma ba yaran ne suka fara tafiya ba. Koci ya riga su, kuma babu wanda ya taɓa ce wa koci ya zauna shekara guda ba aiki don ya sauya wuri. Shekara da shekaru ana samun biliyoyin daloli daga wannan gasa ta hanyar talabijin, yaran da ke zufa kuma ba su da ikon karɓar ko sisi: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Lokacin da Edert ya samu kwantiragin talla da Buffalo Wild Wings ana tsakiyar gasar, abin da ya yi, shekara guda kafin nan, zai iya jawo a dakatar da shi. Ko kuɗin da nasarar ta jawo ba aljihun Saint Peter's kaɗai ya shiga ba. Kowane wasa da ƙungiya ta buga a gasar yana kawo kaso na kusan dala miliyan biyu, ana biya cikin shekara shida, amma rukunin jami'o'in da take ciki ake ba, a raba.

Duk da haka, kasuwar tana da waɗanda take dannewa, kuma ba a cika jin labarinsu ba. Fiye da 'yan wasa dubu ne ke sa suna a kundin kowace shekara, kuma ba kowa ke samun sabon gida ba; wani ya saki na hannu, na sama bai zo ba. Wani ya sauya makaranta, a ƙi lissafa masa wasu darussan da ya riga ya ci, digiri ya ƙara nisa. Yaran sakandare ma abin ya shafe su, domin koci da ke tsoron kora ya fi son ɗan shekara 22 da ya riga ya goge a kan ɗan 18 da za a raina. Ga kuma yaranmu da ke zuwa daga Afirka da bizar karatu: dokar bizar ta taƙaita musu aikin samun kuɗi a cikin Amurka, don haka cin moriyar talla ya fi musu wuya a kan abokan wasansu. Iyayen da ake zuwa wa da labarin cewa za a kai ɗansu Amurka wasa, ya kamata su tambayi abu biyu kafin komai: wace makaranta ce, kuma me zai faru da karatunsa in koci ya tafi?

Ƙananan ƙungiyoyin su ma ba tsarkaka ba ne. Kifin da babba ke haɗiyewa, shi ma yana da wanda yake haɗiya. A 2024 jami'ar Oakland ta jihar Michigan ta fitar da Kentucky a zagayen farko, kuma wanda ya yi ɓarnar, Jack Gohlke, da ya jefa ƙwallo goma masu maki uku-uku, daga Hillsdale aka ɗauko shi, kwalejin da ke rukuni na biyu. Bayan gasar, gwarzon Oakland, Trey Townsend, ya tafi Arizona. Haka tsanin yake, kowa na ɗaukowa daga ƙasa, ana ɗauke masa daga sama. A 2023 Fairleigh Dickinson, wata maƙwabciyarmu a New Jersey, ta kayar da Purdue tana mai lamba 16, kuma cikin 'yan kwanaki kocinta Tobin Anderson ya koma Iona.

Saint Peter's ba ta mutu ba. Ta ɗauko Bashir Mason, haifaffen Jersey City, wanda ya yi shekara goma yana horar da Wagner. Ya tarar da ɗaki kusan fayau. Kakarsa ta farko an sha kashi fiye da yadda aka ci, 'yan jaridar da suka cika harabar makarantar a Maris sun watse, kujeru sun koma yadda suke. A lokacin ne muka fi zuwa kallo, domin tikiti da sauƙi, kuma kana jin ƙarar takalma da muryar koci kamar a tsakar gidanku. Muka haddace sababbin sunaye. A 2024 ƙungiyar ta sake lashe gasar rukuninta, ta koma Haukan Maris, ko da yake Tennessee ta lallasa ta 83 da 49. A cikin jagororinta akwai Latrell Reid, wanda a 2022 yawanci a benci yake, ya zauna lokacin da kowa ya tafi. Bayan gasar, Corey Washington, wanda ya fi kowa zuba maki, ya tafi Wichita State. Wannan karon babu wanda ya yi mamaki a majalisa.

A wannan Maris ɗin na 2024 ne muka sake ganin Hassan da Husaini. Sun bar La Salle sun koma Duquesne a Pittsburgh, kuma ƙungiyarsu ta doke BYU, nasararta ta farko a gasar tun 1969. Rigar da ke jikinsu ba tamu ba ce, amma mun yi ihu kamar tamu ce. Wani dattijo a cikinmu ya ce ai ɗan da ka yaye, ko a gidan wa ya yi arziki, naka ne.

Abin da muka tsaya a kai ke nan. Mai goyon bayan ƙaramar ƙungiya a wannan zamani manomi ne da ya san wani zai girbe rabin gonarsa, amma ya fita shuka. Ba ma sayen riga mai sunan ɗan wasa a baya. Mai sunan makarantar muke saya wa yara. Wanda ya zo, mu karɓe shi hannu biyu, mu ƙoshi da kallonsa tun yana nan. Wanda ya tashi tafiya, mu yi masa addu'ar da aka yi mana ranar da muka bar gida: Allah ya kiyaye hanya, ya sa a dace, ya kuma sa ya fita da takardar digiri a hannu.