Wasan da Ba a Cin Sa

Kowane wasa, tun daga dara har zuwa langa, an gina shi ne bisa alkawari guda, watau wanda ya ƙware zai ci. Wasannin kwamfuta ma wannan alkawari suka gada, domin ko dodo ya kashe ɗan wasa sau goma, yana da damar tashi ya sake gwadawa har ya ga bayansa. A watan Janairu na 2016 aka fitar da wani ɗan gajeren wasa a Amurka mai suna That Dragon, Cancer, wanda ya karya wannan alkawari da gangan. Dodon da ke cikinsa ciwon daji ne.

Ryan Green da matarsa Amy, mutanen jihar Kolorado, su ne suka tsara shi tare da 'yan abokan aikinsu. Labarin ɗansu ne, Joel, wanda aka gano yana da ciwon daji a ƙwaƙwalwa tun yana ɗan shekara ɗaya. Sun fara aikin yaron yana da rai, suna sa ran waraka, amma ya rasu a watan Maris na 2014 yana da shekara 5. Suka sake fasalin ƙarshen labarin, suka kammala. Gaba ɗayansa bai fi na sa'a 2 ba.

Wurin da ya fi taɓa mutane shi ne wani dare a ɗakin asibiti. Yaro yana ta tsala kuka, ƙishirwa ta dame shi, ɗan wasa kuwa yana matsayin uba. Ya ba shi abin sha, ya amayar. Ya rarrashe shi, kukan ya ƙaru. Duk dabarar da hannu ya saba da ita a sauran wasanni, a nan ta ƙare. Sai da uban ya koma ga addu'a sa'an nan yaron ya sami barci.

Jama'a sun rabu a kan wannan aiki. Waɗansu sun tashi daga gaban kwamfuta suna share hawaye, musamman iyayen da suka taɓa jinyar ɗa. Waɗansu suka ce ai wannan bai cancanci sunan wasa ba, tun da babu ci a cikinsa. Akwai kuma masu zargin iyayen da neman kuɗi da mutuwar ɗansu. Kashi na huɗu, waɗanda suka fi yawa, a YouTube suka kalli waɗansu suna yin sa, har Ryan Green ya koka a 2016 cewa miliyoyi sun kalla, alhali ciniki bai taka kara ya karya ba.

Masu cewa babu ci sun faɗi gaskiya, sai dai abin da suka ɗauka aibi shi ne ƙashin bayan aikin. Mai karanta labari ko mai kallon sinima ya san tun farko ba shi da iko a kan abin da zai faru. Ɗan wasa kuwa an damƙa masa linzami, an bar shi ya ja iyakar ƙarfinsa, ya gane da hannunsa cewa dokin ba zai juya ba. Wannan ita ce azabar mai jinya, kuma mai kallo daga gefe ba zai ɗanɗane ta sosai ba, domin jiki magayi.

Zargin neman kuɗi kuwa ya manta da cewa mawaƙa sun daɗe suna yi wa mamatansu marsiyya, kowa da kayan aikin da ya iya. Uban Joel sana'arsa tsara wasanni ce, da ita ya yi makokinsa. Wanda ya zauna ya yi wasan har ƙarshe tamkar mai zuwa ta'aziyya ne: ya san ba zai dawo da mamaci ba, amma ya shimfiɗa tabarma ya zauna tare da masu rashi.