Tsoro Na Daji, Kunya Na Gida

 Yau zan tona wani asirin kaina da na daɗe ina rufewa. Ni mutum ne mai tsoron bisa. Tun ina yaro a Garwa, in sa'o'ina suka hau mangwaro, ni ke tsayawa a gindi, wai ina gadin takalma. Na girma, na kama koyarwa a Duwala, amma ko tsani aka jingina don gyaran kwanon aji, sai in ƙirƙiro uzurin da zai kai ni wani wuri.

A hutun Disamba na 2015 malaman makarantarmu suka shirya hawan Dutsen Kamaru. Dutse ne da nake koya wa yara kowace shekara: tsayinsa ya haura mita 4,000, ya fi kowane dutse a ƙasarmu, ya kuma yi aman wuta a 1999 da 2000. Da aka zo rubuta sunaye, kunya ta hana ni noƙewa. Na ce a sa ni.

Mu biyar muka tashi daga Buya da sassafe, tare da ɗan jagora Babakweri da 'yan dako biyu. Kowa ya goya jakarsa, da bargo da rigar sanyi da burodi da dabino, sa'an nan da ruwa mai yawa, domin can sama duwatsun shanye ruwan sama suke yi, salla ma sai da taimama. Har muka kai bukka ta farko ban ji komai ba, saboda cikin kurmi muke, itatuwa sun rufe ko'ina. Ina ma ta ba'a da masu haki.

Gaba kaɗan da bukkar sai kurmin ya ƙare kamar an yanke shi da wuƙa. Ba komai sai ciyawa da baƙin dutse, hanya kuwa ta miƙe kamar bango. Tsautsayi ya sa na waiwaya. Sai ga rufin gidajen Buya can ƙasa kamar an watsa shinkafa, ga gajimare yana wucewa ƙarƙashin ƙafata. Nan take jiri ya ɗebe ni, gwiwoyina suka kama rawa, bakina ya bushe. Na zauna, na ce igiyar takalmina ce ta kwance. Muka ɗan taɓa tafiya, na sake zama, na ce igiyar ce dai.

Ɗan jagoran, wanda na girme shi nesa ba kusa ba, ya bar sauran suka yi gaba, ya dawo ya tsuguna kusa da ni. Ya ce da ni cikin Turancin buroka, "Malam, takalmin ne, ko kuwa idon ne?" Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce masa, "Ƙanena, wallahi tsoro nake ji."

Bai yi dariya ba. Ya sauke jakata, ya mai da kaya masu nauyi jikin bayana, ya ɗaure igiyoyinta tamau don kada ta riƙa jan ni gefe. Sa'an nan ya ce in zuba ido a kan dugadugansa kawai, in ƙirga taku ashirin, mu tsaya. In za mu huta, in fuskanci dutse, in ba sarari baya. Kada kuma in kwanta in rungume ƙasa, domin mai yin haka shi takalmi ke zame wa. Ya ce masu tsoro ba su dame shi ba, kullum yana hawa da su. Wanda ke ba shi wahala shi ne mai ɓoyewa, har sai ya je wuri mai haɗari ya sandare.

Da taku ashirin ashirin na isa bukka ta biyu, wajen mita 2,800, inda muka kwana cikin sanyin da ban taɓa jin irinsa ba. Washegari muka wuce bukka ta uku, numfashi yana yi mana wuya, har muka kai ƙololuwar da ake kira Fako. Abokaina suka miƙe suna ɗaga hannu. Ni kuwa a hoton da aka ɗauka a zaune nake, na riƙe dutse da hannu biyu.

Saukowa ta fi hawa wuya, don dole mutum ya fuskanci abin da yake gudu. Muka bi ta ɗaya gefen, cikin toka mai nutsar da ƙafa, muka wuce ramukan aman wutar 1999, muka kwana a bakin maɓuɓɓugar Mann. Rana ta uku muka fito ƙauyen Bokwango. Tun 1973 ake tseren hawa wannan dutse, gwanaye su je su dawo cikin ƙasa da awa biyar, Sarah Etonge ma sau bakwai tana cinye na mata. Mu kwana uku muka yi, amma sannu ba ta hana zuwa.

Da aka koma makaranta, idona ya faɗa kan wani yaro a ajina. Duk ran da na kira shi gaban allo sai ya daskare, alli yana rawa a hannunsa, alhali a takarda ba ya kuskure. Na sha kiransa mai taurin kai, har bulala ya sha a hannuna. Ranar na ba ajin labarin igiyar takalmi, suka yi ta dariya. Bayan an tashi na tsai da shi, na tambaye shi, "Lissafin ne, ko kuwa idon mutane ne?" Ya sunkuyar da kai, hawaye suka zubo. Daga nan nakan sa shi ya ba aji baya, ya dubi allo kawai, ya rubuta layi ɗaya, ya huta. Kafin ƙarshen shekara yana yin lissafi har ƙasan allo.

Bahaushe ya ce tsoro na daji, kunya na gida. Ni duka biyun na goya na hau dutse da su, kuma kunyar ce ta kusa halaka ni. Tsoron nan har yau yana nan, tsani ma ban fara hawa ba, sai dai yanzu nakan faɗa da bakina. Iyaye da 'yan'uwana malamai, in kun ga yaro yana yawan ɗaure igiyar takalmi, ku tsuguna ku tambaye shi kafin ku ɗauki bulala. Allah ya sa mu dace, amin.