Kuɗin da Kawu Bai Ci Ba

Ni ne na miƙe a taron ƙungiyar ƙwallon unguwarmu a Gadarif ta ƙasar Sudan na ce a karɓe asusu daga hannun Kawu. A gaban samari na faɗa, waɗanda shi ya koya wa yawancinsu ɗaure igiyar takalmi. Kuɗin riguna da muka tara bayan kakar riɗi sun yi ɓatan dabo, littafin lissafi kuma ya rikice, wani watan an rubuta shi sau biyu, wani babu shi sam. Da aka tambaye shi sai ya harzuƙa, ya ce mu muka shiga ɗakinsa muka kwashe. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Na ce borin kunya ne.

Kawu ɗan wasan baya ne a zamaninsa, duk ƙwallon da ta taso sama kansa ke tarbarta. Bai buga wa manyan kulob irin su Hilal ko Marikh ba, iyakarsa gasar unguwanni, a baƙar ƙasar nan tamu da ke zama laka da damina. Amma zai zauna ya ba ka labarin 1970, yadda Sudan ta ci Ghana ɗaya da nema a Khartum ta ɗauki kofin Afirka, har da inda yake tsaye yana sauraron rediyo. Wannan ya ruɗe ni. Na ce mai tuna wasan shekara hamsin ba zai manta inda ya ajiye kuɗi jiya ba. Ashe cutar mantuwa da sabon abu take farawa, tsohon ya daɗe a kai.

Alamun kuwa duk a idona suka wuce. Zai tambayi lokacin wasa, a faɗa masa, kafin a shanye shayi ya sake tambaya. Yana kiran yaro da sunan ubansa. Ya taɓa zuwa fili da asuba yana jiran atisayen la'asar. Wata rana mai keken jaki ne ya dawo da shi daga kasuwar da ya yi rayuwarsa yana zuwa. Muka yi dariya, muka ce tsufa ne.

Bayan watanni matarsa ta tsinci kuɗin cikin buhun dawa, ƙulle a safar ƙwallo, ko fam ɗaya bai yi ciwon kai ba, sai dai darajarsu ta riga ta zube. Na je na durƙusa na ce, "Kawu, ka yafe mini." Ya dube ni ya ce, "Me ka yi, ɗan nan?" Ya manta taron, amma samarin da suka ji ni ba su manta ba. Dole na koma gabansu na janye maganata, kuma na lura ta biyun ba ta zaga unguwa kamar ta farko ba.

A Ingila an daɗe ana maganar alaƙar buga ƙwallo da ka da cutar mantuwa. Jeff Astle na West Brom, gwanin ci da ka, ya rasu a 2002 yana da shekara 59, mai binciken musabbabin mutuwa ya ce sana'arsa ce ta jawo. A 2019 binciken Jami'ar Glasgow kan tsoffin ƙwararrun 'yan wasan Scotland sama da 7,000 ya nuna haɗarin mutuwarsu da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa ya ninka na sauran mutane kusan sau uku da rabi. A 2021 aka gano 'yan baya sun fi kowa, masu tsaron raga kuwa ba su bambanta da jama'a ba. Wannan bai tabbatar da cewa ƙwallo ce ta kama Kawu ba. Hawan jini ma yana da shi, shi ma hanya ce. Likitan da muka kai shi wurinsa ya fara da gwajin jini da duba magungunansa, domin akwai ruɗewar da ke warkewa. Tasa ba ta cikinsu.

Mu ba mu da asusun tallafi irin wanda ƙungiyar 'yan wasan Ingila ta kafa a 2023, ga yaƙi ya cika garin da 'yan gudun hijira, kowa ta kansa yake. Abin da muke da shi tsoffin abokan wasansa. Su suka raba kwanaki: wani ya ɗauko shi zuwa fili, wani ya mayar da shi, matarsa ta samu ta huta. Sun koya mana a daina ce masa "ka tuna?", in ya ɓata suna a bar shi. A bakin fili har yanzu yana gane ɗan bayan da ya bar wurinsa, ya daka masa tsawa, kuma da gaskiyarsa.

Asusu yanzu sai mutum biyu sun sa hannu. Mun kuma daina sa ƙananan yara atisayen buga ƙwallo da ka, kamar yadda hukumar ƙwallon Ingila ta yi a 2020. Wasu iyaye na ƙorafin za mu lalata musu 'ya'ya, kuma har yanzu ba mu gama wannan gardama ba.