Katin awon da muka cusa ƙarƙashin katifa



Lokacin da Allah ya ba mu 'yarmu ta fari a nan Agege, babu kaka a kusa. A gida, tsohuwa na ɗaga jariri za ta gane ya yi nauyi ko ya rame. Mu kuwa sai dai waya, kuma ba a ɗaga yaro ta waya.

An ba mu katin awo a asibiti, muka cusa shi ƙarƙashin katifa. Ba ya fitowa sai ranar rigakafi: sati 6, sati 10, sati 14. Daga nan muka ɗauke ƙafa, a tunaninmu sai allurar ƙyanda ta wata 9.

Tana wata huɗu muka fara ba ta ruwa da koko tsararo, wai nono bai ishe ta ba, ga zafin Legas. Ta yi gudawa sau biyu, muka ce haƙori ne. Kullum tana gabanmu, shi ya sa ba mu ga ramarta ba.

Wata maƙwabciya ce ta matsa mana muka koma awo tana wata bakwai. Nas ta ɗora ta a sikeli, ta ɗiga alama a katin, ta nuna mana. An haife ta da kilo 3, ranar kuwa kilo 5 da rabi ne, kusan yadda take tun sati 14. Layin da ya kamata ya riƙa hawa ya kwanta. Ta ce yawanci jariri kan ninka nauyinsa na haihuwa wajen wata 5 zuwa 6, ya ninka shi sau uku a shekara guda. Jikinmu ya yi sanyi. Kokon ya cika mata ciki, ya rage mata shan nono, bai kuma ba ta abin gina jiki ba.

Muka ƙara yawan shayarwa, muka koma kunu mai kauri da gyaɗa, da ƙwai da wake. Alhamdulillahi, awo biyu a jere layin ya ɗaga.

Don Allah iyaye, mu fito da katin nan. A kai yaro awo duk wata ko da babu allura, a ba shi nono zalla har wata 6. Idan Turancin katin ya shige mana duhu, mu ce wa nas ta nuna mana layin da yatsa. Maza kuma mu riƙa raka su, ko mu duba katin in sun dawo.

Allah ya raya mana zuri'a.