Tukunyar da Ba a Leƙawa

Duk wanda ya tashi a Kwalkwalawa, shinkafa ba baƙuwarsa ba ce. Garinmu na bakin gulbin Rima, kan hanyar da ta fito daga birnin Sakkwato zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma fadamar da ta kewaye mu ita ce rumbunmu tun kaka da kakanni. Da damina shinkafa, da rani albasa da tumatir da tattasai, masunta kuwa kullum suna cikin ruwa. Mahaifina manomin fadama ne, sana'ar mahaifiyata kuma gumi. Kafin in san baƙi da wasali na san shanshera, na san ƙamshinta in ta kwana a jiƙe, na san zaman gadin shanya da sanda a hannu ana korar kaji. Daga baya na yi karatu, na koyar a firamare har na yi ritaya, amma hannuna bai rabu da tukunya ba. Saboda haka da jikata, mai karatu a jami'ar nan, ta kawo mini tukunyar lantarki mai kulle tururi, ban karɓe ta da raini ba, ban kuma karɓe ta da rawar jiki ba. Cewa na yi a ajiye, in ga halinta.

Yadda muka tashi muna dafa farar shinkafa, aiki ne na gyara a kan hanya. Ki ɗora ruwa a murhu, in ya tafasa ki zuba shinkafar da kika rege. In ta fara laushi ki tsame, ki ɗauraye, ki mayar da ita da ɗan ruwa da gishiri. Daga nan ido ne da hannu. Ki buɗe, ki ɗebo ƙwaya biyu a ludayi, ki murza tsakanin yatsu. Da saura? Ki yayyafa ruwa. Ruwa ya yi yawa? Ki zare itace, ki bar garwashi, ko ki tsiyaye. Macen da ba ta iya awo ba ma tana iya fitar da shinkafa wara-wara, muddin ba ta yi nisa da murhu ba, domin tukunyar ƙasa da ta dalma duk suna ba ki damar gyara kuskure sau biyar kafin a sauke.

Wannan sabuwar ba ta ba da wannan damar. Da kin murɗa murfi ya kama, shi ke nan, an rufe magana. Dalili kuwa shi ne yadda take aiki. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100 na zafi komai yawan itacen da kika tura. Ƙarin wuta sai ƙarin tururin da zai tashi ya bi iska. Amma in aka tsare tururin da zoben roba a bakin murfi, ya rasa mafita, sai ya danne ruwan, zafinsa ya haura zuwa wajen digiri 115 ko sama da haka kaɗan. Wannan ƙarin zafin ne ke shiga cikin ƙwaya da sauri. Dabarar ma ba sabuwa ba ce: wani Bafaranshe mai suna Denis Papin ya ƙera irin wannan tukunyar tun 1679, tana narkar da ƙashi. Abin da zamani ya ƙara shi ne lantarki da na'urar da ke kashe wuta da kunna ta da kanta. Tun da ruwa ba ya gudu, abin da kika zuba shi za ki tarar. Kin zuba da yawa, ta caɓe. Kin rage, ta yi gari a ciki. Babu leƙe, babu ɗanɗane, babu yayyafi.

A nan ne na ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Tukunyar nan ta kwashe duk hikimar dahuwa ta mayar da ita gaba, kafin rufi. Wadda za ta ji daɗinta ita ce wadda ta san shinkafarta tun tana ɗanya, kuma wannan sanin ne na ga yana ƙaranci a hannun 'ya'yanmu.

Jikata ta buɗe 'yar takardar da ta zo cikin kwali ta ce, "Kaka, an rubuta kofi ɗaya na shinkafa, kofi ɗaya na ruwa, minti huɗu."

Na ce, "Wace shinkahwa?"

Ta yi shiru. A wurinta shinkafa shinkafa ce. Alhali masu rubuta takardar nan da tasu suka gwada, fara sol wadda ba a guma ba, mai saurin nuna. Tamu kuwa yawanci gumi ce. An jiƙa shanshera ta kwana, an turara ta a tukunya ko rabin duro har ɓawon ya fara tsagewa, an shanya, sannan aka kai inji. Wannan turarar tana taurara ƙwaya, shi ya sa ba ta karyewa sosai wurin casa, tana kuma tura wani ɓangare na amfanin da ke jikin dusa zuwa cikin ƙwayar. Iyayenmu sun yi wannan aikin ba tare da sun ji sunan bitamin ba. Amma ƙwayar da ta taurara ta fi shan ruwa, ta fi jinkirin nuna. Awon takarda ba nata ba ne.

Ko a cikin gumin ma akwai hawa-hawa. Sabuwar shinkafa, wadda aka yanke da kaka, akwai sauran danshi a jikinta, ba ta son ruwa da yawa. Wadda ta shekara a buhu ta bushe ƙayau, ƙishirwa gare ta. Jar shinkafar nan tamu ta gado, wadda masana suka ce a yankin kogin Kwara na ƙasar Mali aka fara noma ta kimanin shekara 3,000 da suka wuce, halinta daban da na irin zamani kamar FARO 44, wadda manoma ke kira Sipi. Ni na fara lura da wannan bambancin sosai a 2010. A watan Satumba na shekarar gulbi ya cika ya batse, ruwa ya yanke hanyar jami'a a nan wurinmu, ya shafe gonakin fadama shinkafa na gab da nuna. Shekarar nan gidajen da ba su taɓa awon shinkafa a kasuwa ba sai da suka yi. Yau ka samo ta Kebbi, gobe 'yar waje da ta shigo ta Illela, jibi wadda ba ka san asalinta ba. Kowace da nata shan ruwan. Mata da yawa da ake yabon girkinsu sun sha mamaki a lokacin, domin hannunsu ya saba da iri ɗaya tak.

Ga yadda nake yi yanzu da gumin fadamarmu. Nakan fara da tsinta a faranti, sannan regaya a ƙwarya. Kada kowa ya ce miki zamani ya wuce regaya. Manyan injinan Birnin Kebbi da Argungu suna fitar da shinkafa ba tsakuwa, amma ta ƙaramin injin unguwa, wadda aka shanya a ƙasa ko a gefen titi, sai kin karkata ƙwarya kina kaɗawa a hankali, shinkafa na gangarawa, yashi da tsakuwa na kwantawa a gindi. Zafin digiri 115 ba ya dafa tsakuwa. Sai in wanke har ruwan ya daina fari, in tsane ta sosai a kwando, domin ruwan da ya maƙale a jikinta ma lissafi ne. Da gwangwanin da na auna shinkafa, da shi nake auna ruwa: gwangwani huɗu na shinkafa, biyar na ruwa. In sabuwa ce in rage kaɗan, in tsohuwa ce in ƙara kaɗan. Gishiri, da ɗan cokalin man gyaɗa don ya kwantar da kumfa kada ta toshe hancin murfi. Ba na bari shinkafa da ruwa su wuce rabin tukunya, saboda tana kumbura. In duba robar ta zauna daidai, in rufe, in juya hancin zuwa kulle, in sa minti bakwai ko takwas.

Minti takwas ɗin nan ba daga lokacin kunnawa ake lissafa shi ba. Sai tukunya ta ɗauki kamar minti goma tana tara tururi, ɗan ƙarfen nan na kan murfi ya ɗago, sannan agogo ya fara ƙirga. In ta yi ƙara ta ce ta gama, ba ta gama ba. Nan ne yara ke ɓata girki. Suna jin ƙara sai su murɗe hanci, tururi ya yi feshi, su buɗe su tarar da sama ta yi tauri ƙasa ta jiƙe. A bar ta minti goma a rufe, ba a taɓa komai. Cikin wannan zaman ne ƙwaya ke shanye sauran danshi ta daidaita. Innata kan ce mini in na cika ɗaga murfi, "Ɗiyata, bar ta ta yi lumfashi." Abin da take nufi ke nan, ko da yake ita garwashi take bar wa aikin. Bayan minti goman sai a saki ragowar tururin, fuska da hannu a gefe, yara kuma a nesa, domin ƙunar tururi ta fi ta ruwan zafi shiga jiki. Sai ƙarfen nan ya koma ƙasa ake buɗewa. Ba a kokawa da murfi.

Ranar da awo ya yi daidai, in kin buɗe za ki ga ƙwayoyi a tsaye, da 'yan ƙananan ramuka a sama inda tururi ya bi. Ki sa cokalin roba ko na katako ki ɗaga ta daga ƙasa, ta warware ɗaya-ɗaya. Ko da mai da yaji kawai aka ci, an ci abinci.

Akwai abin da nake gode wa Allah a kansa game da tukunyar nan, kuma ba sauri ba ne. Hayaƙi ne. Na ga idon mahaifiyata ya dushe tun ba ta tsufa can ba, na ji tarin da take kwana da shi. Shekara da shekaru tana durƙushe gaban duron gumi da murhun girki, da ɗanyen itace, da kara, da buntun shinkafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki a cikin gida na kashe mutum kimanin miliyan 3 a duniya kowace shekara, mata da ƙananan yara kuma su suka fi shaƙarsa. Mu ba mu san da wannan lissafin ba, mun dai san mata masu jan ido da ciwon ƙirji, muna cewa sanyi ne. Wanda bai taɓa tsayawa gaban murhu a Sakkwato cikin watan Afrilu ba, rana ta haura digiri 40, da azumi a baki, ba zai gane darajar a ɗora abinci a koma inuwa a zauna ba. Duk mai cewa girkin lantarki ƙiwa ce, a ba shi muciya ya gwada mako guda. Ga kuma tsadar makamashi: tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, gas da gawayi da itace duk suka bi sahu. Tukunyar nan kuwa dahuwar shinkafa ɗaya ba ta cin rabin yunit na wuta.

Sai dai fa a samu wutar. Wannan shi ne babban sharaɗinta, kuma mu a nan mun san yadda abin yake. In aka ɗauke bayan ƙarfen ya riga ya ɗago, kada ki taɓa. Ki bar ta a rufe kamar minti ashirin, zafin da ta tara yakan ƙarasa aikin. In tun kafin ya ɗago aka ɗauke, sai a juye a tukunyar gida a koma murhu. Ƙaramin janareta ba ya ɗaukar ta, domin tana jan wajen wat 1,000 lokacin da take tara zafi. Shi ya sa ban rushe murhuna ba, ba kuma zan ba kowa shawarar ya rushe nasa ba. Haka nan cikinta ƙarami ne. Mai lita shida za ta ciyar da gida mai mutum shida ko bakwai, amma gidan gandu mai baki ashirin, ko ranar suna da biki, sai babbar tukunya a kan duwatsu uku. Kuɗinta ma ba kowane gida ke iya fitarwa ba, a garin da manomi ke sayar da shanshera tun tana gona don ya biya bashin taki.

Kuma ba ta ƙanzo. Yaran yanzu ba za su damu ba, amma mu da muka yi rububin kankarar gindin tukunya, muka jiƙa shi da safe aka zuba ƙuli da mai, mun san an rasa wani abu.

Abin da ya fi ƙanzo damuna shi ne makarantar da ke gaban murhu. A can yarinya ke zama kusa da uwarta, a miƙo mata ƙwaya a ce murza, ta ji da yatsunta bambancin wadda ta nuna da wadda ke da saura. Ba wanda ya ce mata darasi ne, amma kafin ta yi aure ta san shinkafa. Yanzu murfi a kulle yake, ba abin da za a miƙo mata. In ba a yi hattara ba za mu sami 'yan mata masu iya latsa maɓalli waɗanda ba su san abin da suka zuba ba, kuma a garin da shinkafa ke tsira a bayan gida. Laifin ba na tukunya ba ne, ba kuma na yaran ba. Mu ne ya kamata mu matsar da darasin zuwa inda aikin ya koma.

Shi ya sa yanzu in jikata ta zo hutun ƙarshen mako, ba a ɗakin girki muke farawa ba. Wurin masu gumi nake kai ta, ko wurin 'yan awo. In sa ta ɗebi shinkafa a tafin hannu ta duba launi: mai haske kamar zuma an turara ta da kyau, mai fari a tsakiya turarar ba ta ratsa ba, za ta karye ta kuma yi saurin caɓewa. In sa ta ciza ƙwaya ɗaya. In ta ce ƙas, ta bushe, a ƙara mata ruwa. In ta lotsa ƙarƙashin haƙori, sabuwa ce. In sa ta sunsuna, domin shansherar da ta daɗe a jiƙe ba a canza mata ruwa ba tana da wani tsami da ko wanki bakwai ba ya fitarwa, kuma tukunyar da ke kulle tururi kulle warin take yi tare da shi. Sannan ta tambayi mai awo ta wace fadama ce, yaushe aka yanke. Ta sayi littafi tana rubuta awon kowane iri, da mintocinsa. Shinkafar bana na gab da shigowa kasuwa, na riga na gaya mata ta buɗe sabon shafi, ta fara da gwangwani huɗu da rabi na ruwa.