Wanda Ya Fara Shimfiɗa Tabarma

Na daɗe ina riƙe da alli a makarantun firamare na gundumar Gidan Rumji, kuma kamar sauran malamai na sha karantar da yara darasin haɗin kan ƙasashe. Nakan rubuta sunayen manyan ƙungiyoyi a allo, Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Afirka da sauransu, yara su haddace, su rubuta a jarrabawa, mu wuce. Ban taɓa zaton wannan darasi zai biyo ni har ƙofar aji ba, sai a bazarar 2019.

A lokacin ina aiki a wani ƙauye da ba shi da nisa da iyakar Najeriya. Wata safiya muka tashi muka tarar da amalanke uku a gindin tsamiyar kasuwa, cike da mata da yara da tsofaffi. Daga yankin Sabon Birni na jihar Sakkwato suka kwana suna tafiya, bayan da ƴan bindiga suka afka wa garinsu, suka kore dabbobi, suka ƙone rumbuna. Kafin azahar wasu sun ƙaru, a ƙafa. Maigari bai jira takarda daga ko'ina ba. Ya tara magidanta ya ce: "Ƴan'uwa, ga baƙi Allah ya kawo. Kowa ya duba ɗakin da zai iya saki." Gidan da nake haya aka sauke mutum goma sha ɗaya. Duk wanda ya san karkara ya san abin da bazara take nufi: rumbu ya kusa ƙasa, damina ba ta sauka ba, irin shuka kaɗai ake tattali. A cikin wannan hali mutane suka buɗe rumbunansu.

Daga baya muka ji a rediyo cewa Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƴan gudun hijira, wadda a nan muke kira HCR, ta ƙiyasta mutum kusan 20,000 da suka ƙetaro zuwa jihar Maradi tsakanin Afrilu da Mayu na wannan shekara. A Afrilun 2020 kaɗai wasu 23,000 suka sake shigowa. Motocin agaji sun zo, kuma sun yi aikin da ba za a manta ba. Amma kafin su iso an yi makonni ana raba tuwo ɗaya gida biyu. Wannan shi ne abin da nake so in ajiye a gaban abokan aikina: a wurinmu, talakan ƙauye ne ya fara biyan kuɗin haɗin kan ƙasashe, da geronsa da ɗakinsa, kuma duk tsarin da ya manta da shi ba zai yi ƙarko ba.

Me ya sa abin bai yi wa mutane nauyin da ake zato ba? Tarihi yana da amsa. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, sarakunan Gobir sun yi ta gwagwarmaya har suka kafa Tsibiri wajen 1836, ga ta nan cikin gundumarmu. Ita ma Maradi sarakunan Katsina ne suka zauna cikinta bayan jihadi ya fitar da su daga birninsu. Sabon Birni kuwa Gobirawan Tsibiri ne suka kafa shi a cikin ƙarni na 19. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata da yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906 ta ratsa tsakiyar dangi ɗaya. Saboda haka tsohuwar da ta sauka a gidanmu, da aka zauna aka bi salsala, sai ga shi kakarta ƴar wani ƙauye ce kusa da Tsibiri. Kakanninmu gudu suka yo zuwa nan, aka karɓe su. Bayan shekaru ɗari biyu jikokin ƴan'uwansu suka biyo sawu.

Sai dai zumunta ba ta tare harsashi. Ƙauyukan bakin iyaka su ma sun fara ganin hari da satar mutane don neman fansa. Shi ya sa gwamnatin Nijar da HCR suka shirya mayar da waɗanda suka yarda zuwa wurare masu nisa da iyaka. Ba a kafa sansani mai shinge ba. An zaɓi garuruwa uku, Ɗan Daji Makau da Garin Kaka da Cadakori, aka yanka wa baƙi filaye a gefensu, da sharaɗin cewa famfo da makaranta da ɗakin shan magani na kowa ne, baƙo da ɗan gari. Wannan tunani ya dace da yarjejeniyar duniya kan ƴan gudun hijira da aka amince da ita a Disamban 2018, wadda ta nemi a riƙa tallafa wa masu masauki tare da baƙinsu. Da aka yi mini canjin wurin aiki zuwa yankin Cadakori, na ga yadda abin yake a aikace, da kyansa da cikas ɗinsa.

Cikas na farko a ajina na gamu da shi. Akwai wata yarinya da ta yi aji uku a garinsu, inda ake karatu da Ingilishi. A nan kuwa Faransanci ne. Ta yi wata guda ba ta buɗe baki ba, har na fara ɗaukar ta a cikin masu nauyin kai. Ran nan na gaji, na ajiye littafi, na ce da Hausa: mace ta sayi tiya huɗu ta gero, kowace dala tamanin, nawa za ta biya? Kafin sauran su gama ƙirga yatsu ta ba da amsa. Kunya ta kama ni. Ashe ba ilimi ta rasa ba, ƙofar shiga ta rasa, kuma makullin yana bakina tun ranar farko. Bayan kwana biyu uwarta ta zo da ƴar ƙullin gyaɗa ta ce: "Malam, ubanta ya rasu a hanya. Ga amana nan, Allah ya ba ka ikon riƙewa." Ban san abin da zan ce mata ba sai "Allah ya jiƙansa, Inna, ya ba mu ikon yi."

Cikas na biyu a bakin rijiya da dawa ya ɓullo. Wata ƙungiya ta zo rabon kayan abinci da kati, ta ba baƙi, ta tsallake gidajen da suka ciyar da su. Na ji wata dattijuwa tana cewa: "Mu da muka ci irinmu tare da su, yau mu ne ƴan kallo?" Ba ƙiyayya ce ta sa ta magana ba, yunwa ce da jin an raina alherinta. Sannan ga rikicin itacen girki. Manoman jiharmu sun yi shekaru suna renon kututturan gawo da kalgo da sabara a gonakinsu, abin da ake kira sassaben zamani, wanda ya fara yaɗuwa a Maradi tun shekarun 1980, ya kuma yi ƙarfi a ƙauyuka irin su Ɗan Saga ta gundumar Agye da tallafin asusun FIDA. Wanda ya yi renon itace shekara goma ba zai ji daɗi ba in ya tarar an sare shi dare ɗaya, ita kuma baƙuwa dole ta dafa wa ƴaƴanta. Abin da ya kashe wutar a unguwarmu zama ne da maigari da liman da wakilan mata na ɓangarorin biyu suka yi, aka nuna reshen da za a iya sara da wanda ba a taɓawa. Darasin sassaben zamani ke nan ma tun asali: kuɗi da shawara sun zo daga waje, amma abin ya zauna ne domin manomi ya ɗauke shi nasa.

A sama kuwa, tsakanin hukumomi, ba a rasa takardu ba. Tun 1971 Nijar da Najeriya suke da hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai. A Satumban 2019 gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara suka zo Maradi suka sa hannu da gwamnanmu kan aiki tare wajen tsaron iyaka. A 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maradi. Amma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta saka wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarkin da ke zuwa daga Najeriya. Ba ni da niyyar yanke hukunci kan siyasar wannan lokaci a shafin nan. Abin da na gani da idona shi ne farashin abinci da magani ya tashi a kasuwanninmu da na ƙetare, motocin ƴan kasuwa sun yi layi, su kuwa masu bindiga da ke bin daji a kan babura ba wanda ya tambaye su takarda. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, aka buɗe iyakar a Maris, kuma a Agustan shekarar hafsoshin sojan ƙasashen biyu suka gana a Yamai kan batun tsaro. A Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga CEDEAO. A wannan shekara kuma Amurka da wasu manyan masu ba da taimako suka rage kuɗin agaji ƙwarai, ƙungiyoyi da dama suka taƙaita ayyukansu a duniya.

Ke nan abubuwa biyu sun tabbata. Na ɗaya, ko gwamnatoci suna ga-maciji ko suna dasawa, dajin da ya haɗa Maradi da Sakkwato da Zamfara da Katsina ɗaya ne, kuma ba ƙasar da za ta iya tsare shi ita kaɗai. Muddin ba a samu kwanciyar hankali a can ba, baƙinmu ba za su koma gonakinsu ba, mu ma ba za mu yi barci da ido biyu rufe ba. Na biyu, taimakon waje yana zuwa yana tafiya kamar ruwan gulbi. Wanda ba ya tafiya shi ne maƙwabci.

To, ina namu rabon, mu malamai da ƙungiyoyin al'adu? Kundin da aka ƙaddamar a Maris na 2025 ya sanya Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Nijar ta fara gwada koyarwa da harsunan gida tun 1973, don haka ba sabon abu muke nema ba. Mu nemi a ba yaron da ya ƙetaro damar fara karatu da harshen da ya zo da shi, a auna abin da ya sani da Hausa kafin a mayar da shi ajin farko. Mu nemi hanyar da malaman Gidan Rumji da na Sabon Birni da Isa za su san manhajar juna, a kuma ba kowane yaro takardar shaidar ajin da ya kai, wadda za a karɓa ko'ina ya koma. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo da gidajen rediyon karkara su ɗauki zancen rijiya da itace da burtali su kai shi dandali tun bai zama faɗa ba. Mu kuma rubuta tarihin waɗannan shekaru daga bakin waɗanda suka gudo da waɗanda suka sauke su, domin rahotannin ƙungiyoyi suna ƙirga buhunan da aka raba, ba sa ƙirga rumbunan da aka buɗe.

Yarinyar nan ta gama firamare, ta shiga kwaleji. Ranar da sakamako ya fito, dattijuwar da ta yi ƙorafin kati ita ce ta fara rangaɗa guɗa, domin jikarta da yarinyar tebur ɗaya suka zauna shekara uku. Yanzu in na zo darasin haɗin kan ƙasashe, ina rubuta sunayen ƙungiyoyin a allo kamar da, don suna cikin manhaja kuma sun yi mana rana. Amma kafin nan nakan tambayi yara: a gidan wa iyayenku suka fara sauka, ko kuwa su wa suka sauka a gidanku? Hannuwa kan tashi ko'ina cikin aji, daga nan muke farawa.