Majami'ar Ƙasa ta Wusasa

Baƙon da ya shiga Wusasa, a gefen Zariya, aka nuna masa tsohuwar majami'ar St. Bartholomew ba tare da an gaya masa ko mece ce ba, zai iya ɗauka soron wani basarake ne. Ginin ƙasa ne, na tubali, bango mai kauri. A ciki kuwa bakan gizo ne ya tashi daga wannan bango ya haɗu da na wancan, irin wanda ake gani a Masallacin Juma'a na birnin Zazzau da Babban Gwani ya gina tun zamanin Sarki Abdulkarimu. Ko da rana ta take tsaka, kana shiga za ka ji sanyin nan da ginin ƙasa kaɗai ke bayarwa.

A 1929 aka gina ta, kuma ba don sha'awar ƙauye aka zo nan ba. Likita Mila na mishan ɗin CMS ya shafe shekara ashirin da 'yan kai a cikin ganuwar Zariya, yana ba da magani, yana koyar da boko. Masarauta da Turawan mulki ba su saki jiki da zaman mishan a tsakiyar birnin Musulmi ba, sai aka ba 'yan mishan ɗin fili a gindin dutsen Wusasa. Shi Mila bai so tashin ba, Kano ya koma. Bayan shekara uku, a 1932, aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da ya daɗe yana fama da shi.

To, su wa suka cika majami'ar? Nan ne abin ya fi ban sha'awa. Da yawansu Hausawa ne da Fulani, wasu kuma zuriyar Isawa, mabiyan Malam Ibrahim da aka kashe a Kano tun kafin zuwan Turawa saboda irin matsayin da ya ba Annabi Isa. An fara tsugunar da su a Gimi, ciwon barci ya yi musu ɓarna. Cikin jama'ar nan ta mishan aka samu Dakta Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu wanda ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya tashi. Unguwa ɗaya ke nan fa.

Mu mutanen kan iyaka, daga Garu da Illela zuwa Ƙwanni, in an ce mishan, asibitin Galmi ke fara zo mana a rai, saboda nan ake kai marar lafiya. Wusasa ma tana da nata, St. Luke. Amma asibiti kowa na zuwa, majami'a kuwa sai a wuce ta ana kau da kai, a ce ai wannan ba namu ba ne.

A ganina kuskure ne. Imani na mai shi ne, amma ginin na Hausa ne, kuma irinsa ƙarewa yake yi, don siminti da kwano sun cinye garuruwanmu, maginan da suka iya ɗaure azara kuma sai tsufa suke. Ginin ƙasa in an bar shi damina biyu ba yaɓe, ya fara zubewa. Duk wanda hanya ta biyo da shi Zariya, Musulmi ne ko Kirista, ya daure ya ratsa Wusasa, ya nemi izini ya shiga ya ga aikin da ƙasa da azara suka yi.